Darasi na 9: Ƙwarin Gona da Abokan Aikin Manomi a Jangeru da Kewaye

Daga Kaura Namoda zuwa Shinkafi, daga Zurmi zuwa Jangeru, a ƙasar da gulbin Gagare da na Bunsuru suke ratsawa, abin da ake nomawa kusan ɗaya ne: gero da dawa da wake a tudu, gyaɗa da riɗi da auduga don samun kuɗi, shinkafa a fadama, da rani kuma albasa da tumatir da barkono da kankana a bakin gulbi. Kowanne daga cikinsu yana da ƙwaron da ke cinsa, wannan kowa a ajin nan ya sani tun yana bin mahaifinsa gona. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kowannensu yana da halittun da ke yi masa aiki, wasu a kan fure, wasu a kan ganye, wasu can cikin ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Famfon feshi bai san bambancin mai ɓarna da mai gyara ba. Manomi ne zai sani, shi ma sai ya tsuguna ya duba.

Murzuna da ɗan zanzaron Maraɗi

Mu fara da gero, tunda shi ne fura, shi ne tuwo. Wanda ya taɓa ɗaga zangarniyar gero ya ga wata hanya ta nannaɗe ta tun daga gindi har sama, babu ƙwaya ko ɗaya a kan hanyar sai dusa, ya ga aikin tsutsar da manoman Maraɗi ke kira murzuna. Uwarta wata 'yar malam-buɗe-littafi ce ta dare. Tana fitowa daga ƙasa wajen wata guda bayan saukar damina, ta zuba ƙwai a kan geron da ya fara fitar da kai. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe ta dinga yanke furannin tana zagaya zangarniya. In ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasa, ta nutse, ta kwanta a nan duk tsawon rani tana jiran wata damina. Ɓarnarta ta yi tsanani a ƙasashen Sahel ne bayan farin 1972 zuwa 1974, kuma har yau ba ta bar mu ba.

Feshi ba ya cika yi mata komai. Tana ɓuya cikin zangarniya, geron ya fi mutum tsawo, kuɗin maganin kuma yakan kusa cinye ribar gonar. Masana na cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, reshen Maraɗi, da na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, cikinsu har da Farfesa Ibrahim Baoua, sun bi wata hanya dabam tare da cibiyar ICRISAT. Akwai wani ɗan ƙwaro dangin zanzaro, bai kai ƙwayar shinkafa ba, masana na kiransa Habrobracon. Macen takan sami tsutsa ta harbe ta, tsutsar ta sandare, sai ta zuba ƙwanta a jikinta. 'Ya'yan su ƙyanƙyashe su tsotse tsutsar, cikin kwana 10 ko ƙasa da haka sun zama manya sun tashi neman wata. Da ma wannan ƙwaro yana nan a gonakinmu, ba daga waje aka kawo shi ba. Matsalarsa ita ce makara: rani yana rage shi ƙwarai, kafin ya sake yawa murzuna ta gama cin abin da za ta ci.

Saboda haka tun wajen 2006 aka fara kiwonsa. Ana zuba ɗan tsakin gero a ƙaramin buhun algarara, a sa tsutsotsin da zai ci, a sa mata biyu masu ɗauke da ƙwai, a ɗinke. In gero ya fara fitar da kai sai a rataye buhu 15 a bishiyoyin da ke kewaye da ƙauye. 'Ya'yan su riƙa fitowa ta ramukan buhun suna bazuwa gonaki har nisan kilomita da dama. Binciken da aka yi a Nijar ya nuna ƙarin amfanin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka kwatanta da zangarniyar da tsutsa ta ci ba mai hana ta. Ku lura da abu ɗaya: ɗan zanzaron bai san iyakar gona ba. Wanda ya biya kuɗin buhu da maƙwabcin da bai biya ba duk za su amfana, shi ya sa aikin ya fi kyau a hannun ƙungiyar manoma ko gari baki ɗaya. Ƙasar Zurmi kuwa iyaka ɗaya take da jihar Maraɗi, geronmu ɗaya, tsutsarmu ɗaya. Ko za a kawo mana wannan dabara, tambaya ce da ta dace ƙungiya ta kai wa malaman gona na jiha.

Ɗan zanzaron ba shi kaɗai ne mafarauci ba. Zanzaron da ke gina ɗakin laka a bangon zaure, in kun fasa ɗakin za ku tarar da tsutsotsi a sandare, daga gona ya kwaso su. Rina ma tsutsa take kai wa 'ya'yanta. Gizo-gizo da ƙoƙi-ƙoƙi da mazari duk masu cin ƙwari ne, babu mai taɓa ganye a cikinsu.

Tsutsar da ke huda karan gero da dawa kuwa, a cikin busasshen kara take yin rani. Karan da muka jingine a bayan gida, ko muka yi darni da shi, shi ne masaukinta. A shimfiɗa karan a rana ya gasu, ko a babbaka shi sama-sama kafin a yi aiki da shi, abin da ya rage kuma kada ya kai damina.

Darɓa da kuturtar gyaɗa

Jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda a 1929, kuma gyaɗa da auduga ne manyan kayan da ya riƙa kwasa daga wannan yanki. Tsofaffi suna tuna shekarar da gyaɗa ta ƙi. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta lalata kimanin hekta 700,000 a arewacin Nijeriya. Ganye ya ƙanƙance ya yi ɗorawa, shuka ta tsugune, aka tuge ba 'ya'ya. Dalar gyaɗa ta Kano ba ta sake tashi ba, ko da yake fari da kuɗin man fetur su ma suna da hannu a wannan.

Mai ɗauko cutar ɗan ƙwaro ne baƙi mai taushi, wanda ke cincirindo a kan tohon wake da gyaɗa yana barin danƙo a ganye, wato darɓa. Ruwan da take tsotsa ba shi ne babbar ɓarnarta ba. In ta tsotsi shuka mai cuta ta koma kan lafiyayya, ta kai mata ke nan, kuma shukar da ta kamu ba ta da magani. Abin da ke taimakawa tun kafin a kai ga haka ne. A yi shuka da wuri. A matse tazara, domin darɓa mai fiffike ta fi sauka inda take hango ƙasa tsakanin shuke-shuke, gonar da ganye ya rufe ba ta cika jan ta ba. A tuge gyaɗar da ta tsiro da kanta da rani, don a kanta cutar ke iya jira. Sannan a nemi iri mai jure cutar, irin su SAMNUT 24 da cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya, ta fitar.

Darɓa tana koya mana wani abu game da feshi. Macenta ba ta jiran namiji, haihuwa take yi kai tsaye, 'yarta kuma cikin mako guda ta fara tata haihuwar. Mai cin ta, wannan ɗan ƙwaro mai zagayen baya, ja ko ruwan goro da ɗigon baƙi, shi da tsutsarsa sukan cinye darɓa masu yawa a yini, amma hayayyafarsa ba ta da sauri haka. In aka yi feshin da ya kashe kowa da kowa, darɓa kaɗan da suka tsira a ƙarƙashin ganye za su cika gona kafin mai cin su ya farfaɗo. Daga nan sai ka ji manomi yana cewa maganin bana jabu ne. Wani lokaci jabun ne, kasuwa ba ta rasa shi. Wani lokaci kuma maganin ya yi aiki fiye da yadda ake so, ya kashe masu gadin gonar.

Furen da ke jiran baƙo

Gero da dawa da masara iska ce ke kai musu bununi. Wake da gyaɗa galibi furensu da kansa yake ɗaukar ciki. Amma kankana da kabewa da duma, furensu iri biyu ne a jikin yaɗo ɗaya. Ku duba gindin furen: mace tana da ɗan ƙulli, wanda shi ne zai zama ɗa, namiji kuwa siririn tsinke kawai gare shi. Garin da ke cikin furen namiji yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa, sai ƙudan zuma ya shiga ya fito da shi a jikinsa ya kai wa macen. Furen kankana da safe yake buɗewa, kafin la'asar ya rufe, kuma ba ya sake buɗewa. Zuwa ɗaya ma ba ya isa, sai an yi ta zuwa. Kankanar da ta fito a karkace, gefe ɗaya ya cika ɗaya ya motse, sau da yawa ƙarancin baƙi ne ya jawo, ko da an ba ta taki da ruwa yadda ya kamata.

Mai noman irin albasa ma da zuma da ƙudaje ya dogara, haka mai mangwaro. Riɗi da auduga suna iya yin 'ya'ya ba tare da ƙwari ba, amma ba kamar in an ziyarce su ba. A wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka wallafa a 2017, an rufe furanni don kada zuma ta kai gare su. Amfanin auduga ya ragu da kashi 37 cikin 100, na riɗi da kashi 59. Mai amya a kan kuka ko tsamiya kusa da gonar riɗinka yana yi maka aikin da ba ka biya ba, kuma kai ne za ka iya kashe masa zuma da feshin hantsi. Ba ƙudan amya ne kaɗai ke wannan aiki ba. Akwai ƙananan zuman daji da ke zama ɗai-ɗai a ramin ƙasa da kogon itace, kuma duk sanda aka ƙone ciyawar gefen gona ko aka sare bishiyar da ta rage, gidajensu ne ke tafiya.

Abin da ke ƙarƙashin kunya

Ku tono gindin wake ko gyaɗa mai mako 5 ko 6, a hankali, kada ku fizga. Za ku ga 'yan ƙulle-ƙulle manne da saiwa. Wasu manoma suna ɗaukarsu cuta. A cikinsu wasu ƙwayoyin halitta ne da ake kira bakteriya suke zaune. Kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa sinadarin naitirojin ne, wanda shi ne muke saye da tsada a buhun yuriya, amma shuka ba ta iya ɗaukarsa daga iska. Waɗannan ƙwayoyin suna iyawa. Su ba shuka naitirojin, ita ta ba su sukarin da ganyenta ya haɗa. Ku fasa ƙulli ɗaya da farce. In cikinsa ja ne ko ruwan hoda, aiki yana tafiya. In fari ne, ko bai fara ba ko ba ya yi. In ya koma kore ko ƙasa-ƙasa, ya gama.

Daga nan za ku gane dalilin da ya sa malaman gona ke cewa a ba gyaɗa da wake supa, kada a cika musu yuriya. Ƙullin yana buƙatar sinadarin fosfaras da ke cikin supa, yuriya mai yawa kuwa sa shuka take ta daina kula baƙin nata, ta yi ta ganye. Kakanninmu da suke shuka wake a tsakanin gero, suke kuma barin gawo a tsakiyar gona, ba su ga bakteriya ba, amma sun ga geron da ke ƙarƙashin gawo ya fi na fili. Gawo ma dangin wake ne, ga shi yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana. Sai dai a faɗi gaskiya: in an kwashe 'ya'ya, an ɗaure harawa an kai kasuwar Shinkafi, abin da ya rage wa ƙasa kaɗan ne. Ribar tana dawowa ne in dabbobin gida suka ci harawar aka mayar da takinsu gona.

Akwai kuma wasu zarurruka dangin naman kaza, sun fi gashi siranta, masu shiga saiwar gero da dawa su miƙe cikin ƙasa su jawo mata fosfaras da ruwa daga inda saiwa ba ta kaiwa. Shuka ce ke kiransu. Tana fitar da wani sinadari ta saiwarta, kuma gwargwadon yunwarta gwargwadon yawan abin da take fitarwa. Masana a Japan ne suka tabbatar da wannan kira a 2005. Abin takaicin shi ne akwai mai saurare a gefe. Irin wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, yana kwance a ƙasa, kuma wannan sinadarin ne yake jira. Da ya ji shi sai ya tsiro ya kama saiwar. Shi ya sa wuta-wuta ta fi yawa a gonar da ta gaji: geron da ke jin yunwa ya fi ɗaga murya. Kafin jan furenta ya bayyana a sama, ta riga ta yi makonni tana shan shukar a ƙasa.

Gindi ɗaya na wuta-wuta yana iya zubar da iri sama da 50,000, irin kuma yana iya jira fiye da shekara 10. Wanda ya bar ta ta yi fure ta bushe ya yi wa 'ya'yansa shuka. A tuge ta kafin ta yi iri, a fitar da ita daga gonar, a ƙone. Akwai kuma dabarar yaudara. Saiwar auduga da gyaɗa da waken suya tana fitar da irin wannan sinadari, irin wuta-wutar gero ya tsiro, ya rasa inda zai kama, cikin 'yan kwanaki ya mutu. Kowace shekarar da aka juya gona zuwa ɗayan waɗannan, an rage ajiyar da ke ƙasa. Wuta-wutar da ke kama wake wata iri ce dabam, maganinta irin wake mai jure mata.

Wannan magana ta ƙara nauyi a 'yan shekarun nan. Rashin tsaro ya hana mutane da yawa a Shinkafi da Zurmi zuwa gonakin daji, an dawo ana noma na bakin gari kowace shekara ba hutu, wani wurin ma an rage shuka mai tsawo. Gonar da ba ta hutawa sai a riƙa juya mata shuka, a kai mata takin gida da shara da toka. Wanda yake da jaki ko amalanke ya san gonar kusa ta fi sauƙin kai wa taki, wannan kaɗai ne sauƙin da ke cikin lamarin.

Ko gara, da muke zagi saboda rumbu da azara, tana da rana. A jihar Tawa manoma suna haƙa ramukan tassa a fako, su zuba taki a ciki. Gara ta zo cin takin, ta huda ƙasar da ramukanta, ruwan sama ya bi ya nutse maimakon ya gudu, gero ya tsiro a inda ko ciyawa ba ta fita.

Idan feshi ya zama dole

Kada wani ya fita daga ajin nan ya ce an hana feshi. Wake in ba a kare shi ba lokacin fure, tsutsar da ke huda fure da kwanso tare da ƙananan ƙwarin cikin fure za su bar mutum da harawa zalla. Akwai kuma baƙin da suka zo ba tare da masu cin su ba: tsutsar masara da ta fito daga nahiyar Amurka, wadda aka fara gani a Nijeriya a farkon 2016, da tsutsar tumatir da manoma suka sa wa suna sharon, wadda ta sa jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a shekarar 2016 ɗin. A Disamban 2019 an fitar da irin wake SAMPEA 20-T daga Samaru, wanda aka sa masa kariya daga tsutsar kwanso, ya rage feshi daga sau 6 ko 8 zuwa sau 2. Sauran ƙwarin wake kuwa bai hana su ba, shi ya sa feshin biyun bai faɗi ba.

Ƙa'idar ita ce a duba kafin a fesa. A ratsa gona daga kusurwa zuwa kusurwa da sassafe, a tsaya wuri 10, a juya ganye, a buɗe fure, a ƙirga gindi nawa ne suka kamu, a kuma duba ko masu farauta suna nan. In ɓarnar a gefe ɗaya take, gefen za a fesa. A yi feshi da yamma lis, bayan furanni sun rufe zuma ta koma gida, kuma ba cikin iska ba. A bi ma'aunin da ke jikin kwalba. Ƙara murfi ɗaya don maganin ya yi ƙarfi asarar kuɗi ce, maimaita magani iri ɗaya kowace shekara kuma shi ke sa ƙwari su saba da shi. Ruwan 'ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa ya kwana yana hana tsutsa da darɓa ci, kuma bai cika yi wa zuma illa kamar maganin kanti ba. Ba ya kashewa nan take, rana kuma tana karya shi, sai an maimaita. Mai feshi ya rufe hanci da baki da jiki, ya yi wanka kafin ya ci abinci, kwalbar kuma kada ta koma gida a zuba mai ko gishiri a ciki. Iyaye mata, ku ne kuka fi tsintar irin waɗannan kwalabe a hannun yara.

Fiya-fiya da ake yayyafa wa wake a buhu guba ce ga mai ci. Saboda ragowarta ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Ajiya a buhun PICS mai ninki uku, wanda ke kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, za mu yi bayaninta a darasi na gaba.

Aiki da tambayoyi

Kowane ɗalibi ya zo aji na gaba da gindin wake ko gyaɗa guda 2, ɗaya daga wurin da shuka ta yi kyau, ɗaya daga inda ta yi rauni. Za mu ƙirga ƙulle-ƙullen, mu fasa, mu rubuta launinsu a allo. Masu lambu su tsaya minti 10 da hantsi a gaban yaɗon kankana ko kabewa, su ƙirga ƙwari nawa suka shiga furen mace ɗaya.

1. Me ya sa ake rataye buhunan ɗan zanzaro da zarar gero ya fara fitar da kai, ba a jira sai an ga ɓarna ba?
2. Wani manomi ya fesa wa wakensa magani, bayan mako 2 darɓa ta fi da yawa. Kawo dalilai biyu da za su iya jawo haka.
3. Gonarka ta bakin gari ta cika da wuta-wuta, kuma ba ka da wata. Rubuta abin da za ka shuka a cikinta shekara 3 masu zuwa, da dalilinka.
4. Maƙwabcinka yana da amya 4 a kan bishiyar da ke iyakar gonarku, kai kuma wakenka ya yi fure yana buƙatar feshi. Yaya za ku yi?